Firigon Alakos

A duk shekarun da na yi a aikin kiwo, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da Shef Abdu, shugaban ofishinmu, ya ce mini "to" ba tare da gardama ba. Ku da kuka shigo aiki bayansa ba za ku gane abin mamakin ba. Mutum ne da ko kujera za a gusar a biro, wato ofis, sai ya ce a bari ya tuntuɓi manya a Damagaram.

A lokacin ina ƙaramin ma'aikacin lafiyar dabbobi a nan Gure, kuma ga yadda tsarin yake. In ciwo ya shiga garke, makiyayi ya gaya wa mai gari, mai gari ya aiko mana. Mu rubuta rahoto, Shef ya sa hannu, a aika Damagaram. Sai izini ya dawo tare da man mota kafin a buɗe firigo, wato na'urar sanyi da ake ajiye allurar rigakafi. Kafin mu isa rijiyar da aka ce, sau da yawa makiyayan sun tashi, sai mushe muke tararwa. Ba wanda ya karya doka, kowa ya yi aikinsa, shanu dai sun mutu.

Shawarata ita ce a ɗauki tsohon firigo mai aiki da hasken rana da ke jibge a ma'ajiya a kai shi Alakos, kusa da rijiyoyin makiyaya, a zaunar da ma'aikaci a can, a ba shi ikon yin allura da zarar ya ga alama, rahoto ya biyo baya. Na shiga biron Shef da hujjojina a baki, ina jiran ya kore ni.

Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "To. Je ka gwada, Kiyari."

"Shef, za ka rubuta mini izini?"

"Na ce ka je. Ba ka ji ni ba?"

Da na fito, Hajiya Falmata, sakatariyarmu wadda ta ga zuwan shugabanni da tafiyarsu, ta yafito ni. Ta yi ƙasa da murya da Barbarci, don kada masu jira a benci su ji. "Ƙanena, ka ga hannunsa a takarda? Ranar da abu ya ɓaci, kai kaɗai ne ka ɗauki firigon gwamnati ka kai daji."

Na san gaskiya ta faɗa. Na kwana biyu ina juya maganar: ko so yake in faɗa rami a tura ni wani lungu, tunda na cika surutu a taro? Amma damina ta ɗauke, garkuna sun fara gangarowa rijiyoyi, kuma an fara jin labarin ciwon huhu a arewa. Na ɗora firigo a mota na tafi.

Aikin ya yi kyau fiye da yadda na zata. Makiyayi ya zo da safe, kafin azahar ina cikin garkensa a kan babur. Duk rahoton da na aiko Gure, shiru. Ba yabo, ba faɗa. Wannan shirun ya fi komai damuna.

Sai aka kira ni garken Arɗo Juli, dattijon da Fulanin wajen ke jin maganarsa. Na tarar wasu shanun sun riga sun kamu, suna tari, kai a ƙasa. Na ware su, na yi wa sauran allura, na gaya masa waɗanda suka kamu ba lalle su tashi ba. Haka kuwa aka yi, wasu suka mutu.

Ba a jima ba Hajiya Falmata ta bugo mini waya. "An kai ƙararka Damagaram. An ce ka yi allura ba izini, shanu sun mutu. Mai bincike na hanya."

"Wa ya kai?"

"Ban sani ba. Daga biron nan dai ta fita."

Na bi abokan aikina ɗaya bayan ɗaya a raina, ina tuna wanda na taɓa ɓata wa. Har ita Hajiyar sai da na zarga. Matata ta fara tambaya ko ta ɗaure kaya.

Mai binciken ya iso Gure ranar kasuwa, aka kira ni biron Shef. Mai binciken ya tambaya wa ya ba ni izini. Na dubi Shef, Shef ya dubi bango. Mai binciken ya tambaya wa ya sanar da Damagaram. Shef ya gyara hularsa ya ce, "Ni ne."

Kafin in buɗe baki ya ci gaba, "Amma ranka ya daɗe, kada ka yanke hukunci a kan kujera. Mota na waje. Mu je ka ga ɓarnar da idonka."

Muka kama hanyar rairayi zuwa Alakos. A bakin rijiya muka tarar da jama'a fiye da na kullum, kamar an gaya musu muna tafe. Arɗo Juli ya tare mu da sandarsa a kafaɗa. Mai binciken ya tambaye shi shanun da allura ta kashe.

Arɗo ya ce, "Allura ba ta kashe mini ko ɗaya ba. Waɗanda suka mutu, likita ya faɗa mini tun ranar. Ga sauran nan suna shan ruwa, ka duba su. In kun zo ɗaukar firigon nan ne, ku gaya mana wa za mu riƙa jira, da kuma har yaushe."

Mai binciken ya zagaya garken, ya buɗe firigo, ya duba sanyinsa. Na ga ya shiga tsaka mai wuya. In ya ɗauke firigo, makiyaya su tayar da ƙura har gaban mahukunta. In ya bar shi haka, ya amince da aikin da ba doka a bayansa. Abin da ya rage masa shi ne ya ba abin suna. A rahotonsa ya kira shi gwaji, ya nemi a ci gaba da shi. Ni kuma aka rubuta mini gargaɗi, aka sa a dosiyeta, wato kundin aikina, saboda fita da kayan gwamnati ba izini. Wannan gargaɗin ya jinkirta mini ƙarin girma.

Bayan ya tafi na shiga wajen Shef ban yi sallama ba. Na ce, "Me ya sa ka yi mini haka?"

Ya ce, "Ina da ƙuruciya na rubuta irin shawararka, na sake rubutawa, ba wanda ya amsa. Shawara ba ta tayar da mota daga Damagaram, Kiyari. Laifi ke tayar da ita."

"Da an kore ni fa?"

Ya dube ni ya ce, "Da an kore ka."

Daga baya aka kai irin firigon Kelle da Gamu, ikon yin allura nan take ya shiga tsarin aikin da ku kuka tarar kamar dama can haka yake. Shef aka yaba wa, aka ɗaga shi zuwa Damagaram. Har yau in na tuna, ban san ko makiyaya ya yi wa dabarar ba ko kansa. Wataƙila duka biyun. Da ya rasu na je gaisuwa, na yi masa addu'a da zuciya ɗaya, amma ban ce na gama fahimtarsa ba.

Abin da na koya shi ne, aikin gwamnati yana gyaruwa daga ciki, amma ba ya gyaruwa kyauta, kuma wanda ya biya ba lalle shi za a tuna ba. In kun ga gyara, ku nema. Sai dai in babba ya ce muku "to" da sauri, ku tsaya ku tambaye shi sunan wa za a rubuta in abin ya ɓaci. In kun ji naku ne kuma har yanzu kuna so, ku ɗauki kayanku ku tafi daji, shanun ba za su jira ku ba.