Tseren Kawu Fergus

Ni kaɗai na lura Kawu Fergus yana riƙe numfashi idan kaset ya fara ƙara. Direban bas ne a garin Dundee. Yana yaro babu mai cin sa a wasan tsere na tsohuwar kwamfutarsa, wadda sai ta saurari kaset kafin wasa ya fito. A kwalin kaset ɗin akwai hoton wani zakaran gudu na lokacin.

Ran Lahadi ya rantse sai mun ga gwanintarsa. Ya hana kunna butar shayi, wai tana rikita kaset. Allon kwamfutar ya yi ta mutuwa.

Matarsa Morag ta ce, "Tsoho, ko a jana'iza ana ba da shayi!"

Kawu ya ce, "Yi shiru mana, kaset ɗin yana jin ki!"

Da ƙyar wasan ya fito. Sai an yi ta bugun maɓallai biyu da sauri ɗan tseren yake gudu, amma yatsun Kawu sun yi sanyin ƙashi. Ɗan tseren ya riƙa takawa kamar mai cefane.

"Kaset ɗin ne ya tsufa," in ji Kawu, bai kalli kowa ba.

Ya ɗauki igiya ya fita da karensa.