Bargon tsaraba ya kusa raba ni da cikina

Ke mai karanta wannan, ajiye kunya ki saurara. Ƙwarƙwata ba abin dariya ba ce, tana iya kai mutum kushewa.

Tun bara kun ji ni shiru. Ba fushi na yi ba, jinya ce.

Sale, ƙanen maigidana, ya dawo Tanut daga wajen haƙar zinari. Ya miƙo mini bargo yana tsokanata: "Matar yaya, zinarin ya ƙi, ga abin rufa. Kada ki ce na zo hannu rabbana." A wajenmu ba a wanke tsaraba a idon wanda ya kawo ta, raini ne. Na lulluɓa da shi, ga ni da tsohon ciki.

Da na ga ƙwarƙwata a ɗinkin rigata, sai na yi yadda iyayenmu ke yi. Na murƙushe su da farce, na sosa jikina, na koma aikina.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kayar da ni. Ciwon kai, rawar ɗari, gaɓoɓi kamar an daka su a turmi. Aka yi mini gwajin zazzaɓin sauro a likitar unguwa, ƙaramin asibitinmu, ba a ga komai ba. Ya sauka da kansa, muka yi hamdala.

Sai ya dawo, ya fi na farko. Idona ya yi ɗorawa. Abin cikina ya rage motsi.

Surukata ta ce baki ne, a yi hayaƙi. Na ce, "Inna, a yi addu'a, amma a kai ni Damagaram." Aka sayar da tunkiyata don kuɗin mota da magani.

Can a babban asibiti lokotoro, wato dokta, ya sa aka ɗebi jinina zazzaɓin yana kan ganiyarsa, aka ga ƙwayar cutar. Ya ce a cikin ƙwarƙwata take, murƙushewa da susa ke shigar da ita jiki. Ya ce, "Madam, bayan allurar farko jiki zai tsananta. Ki daure, muna kusa."

Haka kuwa aka yi. Na yi karkarwa har gadon yana motsi, hannuna a kan cikina, ina cewa da yardar Allah tare za mu fita.

Washegari abin cikina ya shure ni. Ban taɓa jin daɗin shuri irin wannan ba.

Yau ga ɗiyar da na haifa, Hadizata, a bayana. Na gode wa Allah, na gode wa ma'aikatan da suka tsaya a kaina, da Sale da ya yi ta kuka, shi ma aka yi masa magani.

Zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, kada ku zauna da shi. Ku koma likita, ku faɗi abin da ya cije ku ba kunya.

Ni dai na kafa doka a gidana: duk tufa ko bargon da ya shigo, na gwanjo ne ko tsaraba, sai ya shiga tafasasshen ruwa kafin ya taɓa jikin kowa. Wanda ya kawo, ko wane ne, shi zai hura wutar.