Cokali Mai Jan Zare

Salamu alaikum jama'ata. Wata goma sha huɗu ban sa ko hoton tukunya a shafin nan ba. Wasu sun kira, wasu sun yi shiru, wasu kuma sun gama ba da labarina a gidajen biki. To ga ni, Hadiza mai dambun zogala ta unguwar Zariya. Ban mutu ba, kuma yau da bakina za ku ji.

Abin ya fara da murɗar ciki. Sai zawo, sau bakwai sau takwas a wuni, har da jini da majina. Innata ta ce basir ne, aka jiƙa mini saƙe-saƙi. Mai farmasi ya ce atini ne. Na sha ƙwayoyi har harshena ya daina gane gishiri, ni da nake dafa wa mutum ɗari abinci.

Na rame, na yi fari fat. Ranar da na je Jiratawa sarin zogala, jiri ya kwashe ni a bakin lambu, sai matan wurin ne suka ɗaga ni.

Rabi ce ta kai ni asibiti. Ƙawata ce tun muna makarantar allo, ita ta riƙe mini hannu ranar da aka kai ni ɗakin miji. Babu abin da na taɓa ɓoye mata.

Lokotoro ya rubuta awon jini, takarda cike. Ya ce, "Madam, za mu duba komai, har da sida, wato ƙanjamau, don mu san abin da ba shi ba ne." Rabi na gefena, riƙe da jakata.

Kwana ukun da na yi ina jiran sakamako, Allah kaɗai ya san tsoron da na ji.

Muka koma tare. Ya ce, "Sida babu. Ƙwayar atini ma babu. Amma jininki ya yi ƙasa ƙwarai, kuma awon ya nuna kumburi mai ƙarfi a jikinki. Ina zargin hanjinki ne." Rabi ta ce alhamdu lillahi da ƙarfi, har ta rungume ni. Ku riƙe wannan.

Aka tura ni babban asibitin Yamai, aka zura na'ura mai kamara aka duba. Babban hanjina duk gyambo ne. Ciwo ne da jiki ke yaƙar hanjinsa da kansa, ba a ɗaukarsa wurin kowa, ba a sa wa kowa. Tafiya da awo da magani suka sa na sayar da firijina, maigidana Malam Sani ya sayar da babur ɗinsa bai ko gaya mini ba.

Daga nan kowane wata sai na je an ɗebi jinina. Da shi lokotoro ke ganin ko kumburin na sauka, ko maganin na taɓa hanta, ya ƙara ko ya rage. Ina fitowa da auduga a hannu ina gaisawa da mutane, ashe lissafi suke yi.

Masu sayen dambuna suka ɗauke ƙafa. Na ɗauka tausayina suke ji, kar su wahalar da ni. Kai, Hadiza, kin cika wawuya!

Da na samu ƙarfi, ƙanwar Rabi ta haihu a Tibiri, na shirya na tafi suna. Shekara da shekaru a gidan nan ni ke riƙe muciyar babbar tukunya. Na ɗaura zane na nufi murhu, sai aka ce, "A'a, zauna ki huta."

Aka kawo abinci a manyan faranti, mata suka kewaye suna sa hannu. Ni aka miƙo mini nawa a kwano daban, da cokali an ɗaura masa jan zare a wutsiya, don kar ya ɓace cikin sauran.

Wata tsohuwa ta dafa ni ta ce, "Ki yi haƙuri ɗiyata, Rabi ta gaya mana. Mazan nan masu tafiye-tafiye, Allah ya shirye su."

Ashe sida ake cewa ina da ita, har da Malam Sani, wai shi ya ɗauko mini. Mutumin da yake zuwa kasuwa a ƙasa saboda ni.

Na ja Rabi bayan ɗaki. Na ce, "Ba kina wurin aka karanta takardar ba?"

Ta ce, "Wallahi tun kafin ta fito na gaya wa Innarmu, don a taya ki addu'a."

Na ce, "Bayan ta fito fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Kunya na ji in koma in ce ba haka ba ne."

Kun ji. Kunyarta ta minti biyar ta fi sunana da na mijina da sana'ata. Shekara guda tana zuwa duba ni, tana cin tuwon gidana, ta san gaskiya ta yi gum. Na roƙe ta mu koma tsakar gida ta faɗa gaban mata, ta ce, "Haba Hadiza, ai magana ta wuce." Wallahi ciwon cikin bai taɓa yi mini zafi irin na ranar ba.

Yanzu alhamdu lillahi. Awon watan jiya ya nuna kumburin ya kwanta, jinina ya dawo, zawo ya tsaya. Lokotoro ya ce ciwon lafawa yake yi, yana iya tashi, don haka magani da awo ba fashi.

Na gode wa Allah. Na gode wa Malam Sani, da Innata, da matar labo, ɗakin awo, mai laluben jijiyata tana ba ni haƙuri.

In kin ga jini a bayan gida, kar ki zauna kina jiƙa saƙe-saƙi, je ki a auna ki. In an ce ki dawo awo, ki dawo, ko kin ji sauƙi. Kuma ko da sidar ce, lokotoro ya ce cokali ba ya ɗaukar ta, ku daina wulaƙanta bayin Allah. Wanda ya raka mara lafiya asibiti, amana ya ɗauko, ya iya bakinsa.

Ranar Asabar zan ɗora tukunya. Mai so ya zo.

Cokalin kuwa na taho da shi daga Tibiri. Ban kwance zaren ba. Yana nan rataye a madafina, yana jiran ranar da Rabi za ta zo ta kwance shi da hannunta, a gaban mutane.