Mummuƙen Kaka da Bakin Fara

Jiya da hantsi wata ɗalibata ta yi hamma a ɗakin bincike, mummuƙenta ya yi ƙara, ƙas, kamar an karya karan dawa. Ta ja mayafi ta rufe baki don kunya. Ni kuwa sai na ajiye abin da ke hannuna, domin ƙarar nan ta ɗauke ni ta kai ni ƙauyenmu da ke tsakanin Wurno da Goronyo, ta zaunar da ni a ƙofar ɗakin Kaka.

Kaka ita ta haifi Baba, ni ne kuma jikanta namiji na fari, shi ya sa "maigidana" take ce mini. Tun da na yi wayo ban san ta da haƙori ba sai guda biyu a ƙasa. Haɓarta ta yi tsini ta tasam ma hanci, in tana tauna abu fuskar gaba ɗaya ke motsi. Amma duk da haka babu abin da take so kamar fara. Bayan an yanke gero mukan fita da sassafe, tun raɓa ba ta bushe ba, lokacin da fara ke lafe a jikin kara sanyi ya hana ta tashi. Mu kamo, Inna ta tafasa ta shanya, ta soya da gishiri da yaji. Rabon Kaka ni nake daka mata a ɗan turmi har ya yi laushi.

A wurin kamun nan na soma lura da bakin fara. Na riƙe wata na miƙa mata ganye, sai na ga ba ta tauna irin tamu. Bakinta daga gefe da gefe yake haɗuwa, kamar almakashin tela. Na nuna wa Kaka. Ta kai ta kusa da ido ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce kowa da irin ƙofar da Allah ya buɗe wa abincinsa, in jefa ta a buhu tun ba ta tsere ba.

Wata damina mai ruwa, bayan azahar, muna zaune tana tsinke ganyen wake, ta yi hamma mai tsawo. Na ji wani abu ya yi ƙara, bakin kuma ya ƙi rufuwa. Da fari na ɗauka wasa take yi mini, har na yi dariya. Sai na ga idonta ya kawo ruwa, yawu na zuba a kan zanenta.

Kafin la'asar gida ya cika. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce shanyewar jiki ce ta soma. Baba ya so ya kai ta asibiti a Sakkwato, amma gulbi ya cika ya yanke hanya, mota ba ta shigowa. Matar da muryarta ke tayar da gidan kowace asuba ta shige ɗaki, ta lulluɓe fuska, ta ƙi yarda kowa ya gan ta a haka, har ɗan da ta haifa. Ni kaɗai take bari in shiga. Nakan ɗiga mata kunu da bakin ludayi kaɗan-kaɗan, in goge mata haɓa. Na taɓa jin manya suna cewa akan ɗaure wa mamaci baki, saboda haka ganin bakinta a buɗe ya sa na ɗauka mutuwa za ta yi.

Inna ce ta tuna da taubashin Kaka, ɗan kawunta, wani tsohon maɗori da ke zaune wajen Rabah. Tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ƙanen Baba ya tafi kiransa, washegari sai ga su, wandunansu jiƙe har cinya. Tsohon ya tsaya bakin ƙofa, ya matso ya ɗaga mayafin da ta lulluɓa da shi ya dube ta da kyau, sannan ya yi murmushi.

"Yau dai Allah ya kama min ke," in ji shi. "Ga baki buɗe, magana ta ƙiya."

Ya zaunar da ita a ƙasa, ya ce tun da ni ne maigida in zo in riƙe kan matata. Na durƙusa a bayanta na rungume kan a ƙirjina. Ya naɗe manyan yatsunsa da tsumma, ya zura su can ƙarshen dadashinta, ya yi bismilla, ya danna ƙasa a hankali, sannan ya tura baya. Ƙashin ya faɗa mazauninsa, bakin ya rufe a kan yatsunsa, haƙoran nan biyu suka same shi. Yana yarfe hannu, ita kuma ta motsa haɓa hagu da dama, ta tofar da yawu.

"Hannunka warin albasa shika yi," ta ce.

Baba da ke tsaye a waje ya juya baya yana share ido da hannun riga.

Kafin tsohon ya ɗaure mata haɓa da ɗankwali, ya kama yatsuna ya ɗora a gaban kunnuwanta, ya ce ta ɗan buɗe baki. Na ji ƙashi yana mirginawa ƙarƙashin fata, dama da hagu lokaci ɗaya. Ya ce mini ƙashi guda ne, amma wuri biyu yake rataye. Kaka ta yi shekaru bayan haka, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake hamma ba tare da ta tokare haɓa da dunƙulen hannu ba.

Yanzu aikina ke nan a jami'a. Ina sa bakin fara a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, ina duba yadda ganye mai kaushi ke cinye mata kaifi kamar yadda shekaru ke cinye haƙorin mutum, ko za mu gane irin geron da zai gagare ta. Abokan aikina na ɓangaren likitanci suna nazarin namu mummuƙen, mukan zauna mu gwada abin da kowa ya gani.

Ƙauyen kuwa babu kowa a cikinsa yau. Tun da 'yan bindiga suka matsa, danginmu suka watse, wasu Achida, wasu Goronyo, Inna kuma tana wurina. Kwanan baya na kai ta ta ga inda nake aiki. Ta sa ido a madubin, ta ja da baya da sauri, ta sake leƙawa.

"Wanga abu haka shika kawo komi kusa?" ta tambaye ni.

Na ce mata haka ne.

"To juya min shi gabas, in gani ko rufin ɗakina na nan."