Mai tukkun nan kaza ce ko zakara?

Shekarun baya, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa Lafia, na gama sakandare ina zaune a gidanmu a Akurba, ba karatu ba sana'a, sai jiran sakamako. Babban aikina a lokacin shi ne in goge wandona, in fita bakin titi in zauna da abokina muna kallon 'yan acaba muna gyara duniya da baki. Da a ce wani ya gaya mini cewa 'yan tsaki ne za su hana ni zaman bakin titi, da na yi masa dariya.

Mahaifiyata tana da wasu kaji masu tukku a ka, irin da ba a cika gani a unguwarmu ba. Daga Doma ta zo da kakanninsu, mahaifiyarta ce ta ba ta lokacin da aka kawo ta gidan miji. Ba ta sayar da su, ba ta yanka matan, kuma ko baƙo ne ya zo sai dai a yanka masa zakara. A farkon wannan shekarar ciwon nan da ke sa kaji gyangyaɗi da farin kashi ya shigo unguwa, ya share mata akurki. Kaza ɗaya tak ta tsira. Ita ce ta yi kwanci da damina ta faɗi, ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki shida.

Ba su daɗe da fitowa ba aka aiko daga Doma cewa ƙanwar mahaifiyata ta haihu da ƙyar, jikinta babu daɗi. Dole Mama ta tafi ta zauna da ita. Tana ɗaure kayanta ta kira ni.

"Ga kazata nan da 'ya'yanta," in ji ta. "Ban ce ka goya su ba. Ka ba su tsaki da ruwa, ka rufe akurki kafin magariba. Za ka iya ko in roƙi maƙwabta?"

Na ce, "Haba Mama, kaza ce fa."

Ta dube ni irin kallon nan na iyaye mata, ta ɗauki jakarta.

Na yi duk abin da ta ce. Amma wata safiya na je buɗe akurki na tarar muzuru ya tona ta ƙarƙashi. Gashin kazar ya watsu ko'ina, alamar ta yi faɗa sosai kafin ya ja ta. 'Yan tsakin nan shida suna can lungu sun cure wuri ɗaya suna ta kuka. Na daɗe a tsugune a wurin. Babu waya a gidan da Mama take, kuma ban ga amfanin in aika mata da mugun labari ta bakin direban mota tana fama da mara lafiya ba.

Daga ranar na zama uwar kaji, kuma haka abokina ya riƙa kirana. Na samo kwali na shimfiɗa tsumma, na sa su a ɗakina, ina kunna musu fitilar ƙwai don ɗumi. Da sassafe in je bayan gida in tono musu gara, in daka shinkafa in ba su. Da rana in fito da su gindin mangwaro in zauna da sanda saboda shirwa. Suka saba da ni har in na tashi zuwa rijiya sai su biyo ni a jere. 'Yan matan unguwa da nake goge wando dominsu sun sha ganina a haka.

Zaman gadin nan ne ya sa na fara kallonsu da gaske, don ba ni da wani abin kallo. Da farko duk ɗaya suke a idona. A hankali na lura uku daga cikinsu gashin fiffike da na jela ya fito musu da wuri, ya kwanta lub, sauran ukun kuwa sun daɗe da baya tsirara kamar an fige su. Waɗannan ukun masu jinkirin gashi ƙafafunsu suka yi kauri, zankon da ke kansu ya fara tasowa yana ja, leɓar ƙarƙashin bakinsu ma haka. In inuwar shirwa ta gifta, su sai su miƙe wuya su yi wata 'yar ƙara, su kuwa masu gashi da wuri sai su lafe a ƙasa. Ba wanda ya koya mini, kuma ban ma san ina koyon wani abu ba.

Cikin masu gashi da wurin akwai biyu masu sanyin hali, ba ruwansu da kowa. Ta ukun ita kaɗai ce ta gado cikakken tukkun uwarta, kuma ita ce fitinanniyar gidan. Ita ke fara kai baki abinci, ita ke tsalle ta bugi ƙirjin wanda ya fi ta girma. Duk wanda ya shigo gidanmu ya gan ta sai ya ce, "Kai, wannan zakara zai yi faɗa."

Ana nan sai mahaifina ya kira ni wata Asabar. Yana da wani aboki manomi, mutumin Eggon, a wajen Arikya, wanda ya ba shi irin doya a shekarar ya ƙi karɓar komai. Ashe tun kafin Mama ta tafi ita da Baba sun yi magana cewa in kazar ta ƙyanƙyashe za a ba matar abokin nasa 'yan tsaki huɗu, don su ma ciwon ya kwashe nasu. To ga shi sun zo cin kasuwa, sun biyo da kwando.

Aka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, aka kawo ruwa. Abokina ma yana nan, don ba ya wuce inda za a yi kallo. Na watsa tsaki, 'yan tsakin suka taru.

Abokin Baba ya yi dariya ya ce, "Yarona, ni duka shi ɗaya ne a idona. Ka nuna mana wanne ne mace, Madam yana so ya samu ko guda ɗaya mai ƙwai."

Ba a yi gardama a kan masu sanyin halin nan biyu ba, kowa ya yarda mata ne. Aka ce ɗaya ta bi baƙi, ɗaya ta zauna. Saura a zaɓi ɗaya da za a bari a gida cikin huɗun da suka rage. Baba ya nuna wani ja mai dogayen ƙafafu, wanda ya fi kowa girma.

"A bar wannan," in ji shi. "Zakaran gida ke nan. Mai tukkun nan da sauran biyun a sa musu a kwando."

Ni ban taɓa mayar wa mahaifina magana ba. Mutum ne mai sauƙi, amma in ya yanke abu a gidanmu an gama. Sai ga bakina ya buɗe da kansa.

"Baba, mai tukkun mace ce."

Matar abokin Baba ta matso ta leƙa ta ce, "A'a ɗana, wannan namiji ne shi. Ba ka ga yadda yana dukan 'yan'uwansa ba?"

Baba ya ce shi da idonsa ya ga ƙwayayen kafin kwanci, yawancinsu masu tsini ne, kuma ƙwai mai tsini zakara yake bayarwa. Abokina ya ce a bari ya raba gardama. Ya cafko ta, ya riƙe ƙafafunta ya juya ta kai ƙasa, wai in ta lanƙwaso kai sama namiji ne, in ta saki jiki mace ce. Ita kuwa ta lanƙwaso ta kai masa sara a yatsa. Ya yi ihu ya sake ta, kowa ya fashe da dariya.

"Ka gani ko, uwar kaji?" in ji shi yana tsotsar yatsa. "Zakara ne har da ƙari."

Na ɗauke ta na kawo gaban Baba. Na buɗe tukkun da yatsa na nuna masa zankonta, ɗan ƙarami, fari-fari, bai ko taso ba. Na ɗauko jan na ajiye kusa da ita, na ce ya dubi nasa. Na haɗa ƙafafunsu, nata sirara, nasa kamar kara. Na gaya masa zancen gashin da ya riga fitowa, da yadda take lafewa in shirwa ta gifta duk da faɗan nata.

"Baba, zakaru sun cika unguwa," na ce. "Amma mai tukku ita kaɗai ta rage wa Mama. In ta tafi, shi ke nan."

Ya daɗe yana dubana, ba tsakon ba.

"Ka tabbata?"

Gaskiya ban tabbata ɗari bisa ɗari ba. Na ce, "Na tabbata."

Ya juya ga abokinsa ya ce, "To ka ji. Ɗauki jan, rabonka ne." Aka rufe kwando, baƙi suka yi godiya suka tafi.

Ba a yi nisa ba abin da nake tsoro ya faru. Wata rana na shiga ɗaki ɗauko ruwa, kafin in fito shirwa ta sauko ta ɗauke mai sanyin halin da aka bar mana. Ina ji ina gani ta haye da ita. Yanzu saura mai tukku ita kaɗai a tsakar gida. In ta zama zakara, kajin Mama sun ƙare a gidanmu, kuma ba zan iya zuwa Arikya in ce a dawo mana da kyauta ba.

Wannan jiran ya ba ni wuya. Kullum sai na ɗauke ta na buɗe tukkun na duba, har ta fara guduna. Baba bai ƙara tayar da maganar ba, amma nakan kama shi yana satar kallonta in yana alwala. Abokina kuwa duk haɗuwarmu sai ya tambaye ni, "Ya maigida, ya fara kiran sallah?" Akwai safiyar da na ji wata shaƙaƙƙiyar cara, irin ta zakaran da ke koyo, daga wajen akurki. Na fito a guje ba takalmi, na yi tuntuɓe da turmi na kusa kifewa. Ashe ɗan zakaran maƙwabta ne a kan katangarmu. Na jefe shi da ɓawon mangwaro kamar shi ya yi mini laifi.

Mama ta dawo bayan ƙanwarta ta samu sauƙi, ta ɗan rame. Ko mayafi ba ta cire ba ta nufi akurki. Na bi ta a baya na gaya mata komai a tsaye, daga muzuru har shirwa. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a kan turmi ta ce, "Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Ita kazar ta yi ƙoƙari." Na ga ta goge ido da bakin mayafi.

Sai mai tukku ta fito daga bayan randa tana taƙama. Mama ta miƙa hannu ta yi irin kiran da take yi wa kajinta, ta kama ta ta ɗora a cinya. Ta shafa wuyanta, ta baza gashin bayanta kusa da jela tana duba bakin kowane gashi. Daga baya ta nuna mini cewa na zakara tsini yake yi yana sheƙi, na mace kuwa bakinsa a zagaye yake.

"Kaza ce," in ji ta. "Wa ya ce a bar wannan?"

Baba yana zaune a ƙofar ɗakinsa da rediyo a kunne. Ya rage murya ya ce, "Ɗanki ne. Ni cewa na yi a ba da ita. Ya ƙi jin maganata a gaban baƙi, kuma gara da ya ƙi."

Mama ta ɗago ta dube ni. "Tana ƙarama haka ka gane? Da wannan halin nata? Ni kaina da ina nan sai na yi shakka."

Jama'a, ban san inda zan sa kaina ba don daɗi. Na ce ai ba wani abu ba ne, na fita waje don kada su ga bakina ya ƙi rufuwa.

Bayan an cire doya, mai tukku ta fara ƙwai, ta yi kwanci, gida ya sake cika da masu tukku. Abokin Baba ya zo da saƙon matarsa cewa uku sun yi cara, ɗaya tana ƙwai, kamar yadda na faɗa. Daga nan matan unguwa suka fara aikowa in zo in duba musu 'yan tsaki kafin su kai kasuwa. Wani lokaci nakan yi kuskure, don akwai tsakon da sai ya girma yake nuna kansa, kuma na koyi in ce ban sani ba tukuna.

Yau na yi karatu, ina aiki, an sha yaba mini a wurare da dama. Amma in na zauna ina tuna abin da na taɓa yi da ya fi faranta mini rai, wannan yana cikin na gaba. Ba wani ilimi ba ne mai zurfi, zama ne kawai da kallo har ido ya fara ganin abin da mai wucewa ba zai gani ba. Kuma ita ce rana ta farko da na faɗi abin da na sani a gaban manya, mahaifina ya ajiye tasa maganar ya ɗauki tawa. Tun daga lokacin, in za a yanke wani abu a gidanmu, sai in ji ya ce, "Ku kira shi mu ji me zai ce."