Fangalin da Na Haƙa a Bukit Jalil

A duk shekarun da na yi ina aikin lambu, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce Asabar ɗin da na tsaya gaban kwamitin lambun unguwa a Bukit Jalil, na ƙaryata takardar ƙarar da ni da kaina na shigar. Ku da kuka zo daga baya kuka tarar yakuwa da lalo suna cika kwanduna, ya kamata ku ji yadda aka faro.

Sunana Sale, mutumin Kura ne ni. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na fi shekara talatin ina noman rani a gida. Alhaji Nasiru, mai shagon kayan miya da ɗalibanmu ke saye a wurinsa, shi ya kawo ni Kuala Lumpur. Ya gaji da jin matan ɗalibai suna kukan rashin ɗanyen ganye irin na gida, sai ya nemi fili a lambun jama'a da ke bayan dogayen gidajen unguwar, ya ce ni zan riƙe shi.

Ga yadda tsarin wurin yake, don wanda bai sani ba. Lambun an yanka shi ƙananan filaye, kwamiti ne ke rabawa, yana da shugaba da sakatare. Sabon shiga ana ba shi wata uku na gwaji. Ranar Asabar ta farko bayan cikar wa'adin, kwamiti ya zagaya. In an ga shuka ta kama, fili ya zama naka. In an ga ƙasa tsirara, a miƙa wa na gaba a layi, kuma layin dogo ne. Alhaji ya yi shekara biyu yana jira kafin a kira shi.

Na sauka a farkon watan Fabrairu, aka ba mu filin a makon. Na tarar da rana mai zafi, kusan mako uku ba a yi ruwan kirki ba. Bishiyoyin bakin titi suka zubar da ganye. Da Maris ya kama sai suka fashe da fure, fari da ruwan hoda, mai laushi kamar takarda, yana zuba har ya rufe motoci. Ɗalibai suna ta tsayawa ɗaukar hoto. Ni kuwa na duba na ce na gane karatun. A gida, in itace ya kaɗe ganye, mangwaro ya yi huda, to rani ya zauna, ruwan sama sai wata da watanni. Mai hankali a lokacin fangali yake yi, wato ya haƙa ƙasa ta yi kwari, ya ɗaga gefenta, don ɗan ruwan da ya zuba kada ya gudu. Na ɗauki fartanya na yi fangali goma sha biyu, a jere, tsaf. Har yau ina cewa ban taɓa yin masu kyansu ba.

Maƙwabciyata a fili wata dattijuwa ce 'yar Malay, Mak Cik Rohani, tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya. Ita da sauran mutanen wurin tara ƙasa suke yi ta yi tudu har gwiwa, su shuka a samansa, suna kiransa batas. Haji take ce mini saboda farar hulata, duk da na sha gaya mata ban je ba tukuna. Ranar da ta ga aikina ta ajiye butarta, ta zo ta daɗe tana kallo. Ta nuna mini furen da ke ƙasa, ta nuna sama, ta yi ta kaɗa yatsu alamar ruwa.

Ta ce, “Tak boleh, Haji. Tak boleh lah.” Wato ba zai yiwu ba.

Na yi dariya, na haɗa Turancina da hannu na nuna mata cewa tun tana buga hatimi a kan wasiƙa nake noma. Da yamma na ba Alhaji labari, har na ce mutanen nan shuka suke yi a kan kabari. Ya tambaye ni ko ba zan bar ko rabin filin a yi irin nasu ba. Na ce masa shi ya riƙe awo da ciniki, ya bar mini ƙasa. Ya ƙyale ni, don na girme shi.

Na zuba iri gaba ɗaya: yakuwa, rama, lalo, kuɓewa. Kwana biyar suka tsiro, gwanin sha'awa. A rana ta tara, bayan azahar, sama ta haɗe, aka yi tsawa, aka saki ruwa kamar da bakin ƙwarya. Washegari ma haka, jibi ma haka. Da na je, fangalina sun koma kududdufi goma sha biyu, har da kwaɗi. Tsiron ya kwanta ya ruɓe. Na Mak Cik kuwa suna tsaye a kan tudunsu, kore shar.

A nan ne na yi abin da ya fi haƙar muni. Maimakon in ce na yi kuskure, sai na ce tudunta ne ke turo mini ruwa. Na sa aka cike mini takardar ƙorafi, na dangwala hannu, na kai wa sakatare. A dokar wurin, in aka samu wani da ɓata wa maƙwabci shuka, a rushe masa aikin da ya jawo ɓarnar, a rubuta masa gargaɗi, wanda aka cuta kuma a sake masa sabon wa'adi. Na san da wannan sarai. Abin da na hango ke nan.

Aka sa zama ranar Asabar. Ranar Alhamis ruwa ya tare ni a lambun, na fake a rumfar ajiye kayan aiki, daga inda nake ina hango filayen biyu. Na ga ruwan da ke sauka daga tudunta yana bin kwarin tsakani, ya miƙe ya faɗa lambatu, ko ɗigo bai juyo wajena ba. Nawa kuwa daga sama yake cika. Fangalin aikinsu suke yi, yadda na gina su.

Na je na sami Alhaji a shago na gaya masa. Ya ce, “Baba Sale, ka san in ka faɗa filin ya tafi?” Na ce na sani. Ya ci gaba da ƙulla daddawa, can ya ce gara ya sake jiran shekara biyu da ya sayar wa mutane ganyen da aka samu da ƙarya.

Ranar Asabar aka taru a rumfa. Mak Cik ta zo da tufafinta na fita unguwa, ba ta ko kalle ni ba. Shugaba ya fara karanta takardata, na miƙe na ce a tsaya. Alhaji yana fassara, na ce ƙarar ba gaskiya ba ce, laifin nawa ne, ta gargaɗe ni na yi mata dariya. Na juya na roƙe ta gafara a gaban kowa. Shugaba ya ce to babu sabon wa'adi, saura mako biyar a yi zagaye, abin da aka tarar shi za a yi hukunci da shi.

Sai a lokacin Mak Cik ta yi magana, mutane suka kwashe da dariya. Alhaji ya ce cewa ta yi mako biyar ya isa, in dai Haji zai yi haƙa ya rufe baki.

Haka aka yi. Ta ɗauko kujerar roba ta zauna da laima, ni da na yi shekara talatin a lambu ina tara ƙasa tana cewa ƙara. In na ɗago in yi bayani, ta nuna mini fartanya. Ta ba ni irin alayyahonsu mai saurin fitowa, ta ce in bar yakuwa sai an tsallake zagaye. Ranar da kwamiti ya zo, tudu huɗu cikin shida sun yi kore. Sakatare ya duba ya rubuta, filin ya zauna a hannunmu.

Abin da na koya shi ne, kowane gari da tasa alamar lokaci, ba ta bin manomi a jirgi. Furen da ke ce wa mutumin Kura rani ya zo, a nan cewa yake yi a gyara lambatu. Wanda ya riga ka zama a ƙasa, tambaye shi kafin ka ɗaga fartanya, ko da bai taɓa noman buhu ɗaya ba. Kuma in aiki ya ɓaci, fara duba hannunka.

Na roƙi sakatare ya cire takardar ƙarar daga fayil, ya ce abin da ya shiga ba ya fita. Sai na sa aka rubuta wata ta ban haƙuri, aka manna a samanta. Duk wanda ya buɗe fayil ɗin Mak Cik Rohani, sai ya fara karanta laifina kafin ya kai ga sunanta.