Injin Kwalekwalen Kawu

Shekarar da na kama haya a unguwar Bukan Sidi ta Lafiya, ina koyarwa a wata firamare, kawuna ya zo Lafiya sayen injin jirgi. Masunci ne, a wani ƙauye a bakin Binuwai. Shekara talatin yana tuƙa kwalekwalensa da filafili, har kafaɗarsa ta fara yi masa gardama. Ya zo da matarsa, Inna, wadda ke yin bandar kifin da yake kamowa, da kwandon tarwaɗa na tsaraba.

Ni ruwan da na sani bai wuce na bokiti ba, amma tunda ni ne mai boko a dangi, ni aka sa a gaba.

Muka je shagon wani mai sayar da janareta a hanyar Makurɗi. Injinan jirgi uku yake da su, duk na hannu, an rataye su a jikin katako. Ya ce ƙaramin mai ƙarfin doki takwas ne, na tsakiya sha biyar, babban arba'in.

"Baba, ka ɗauki arba'in," in ji mai shago. "Wannan in ka taɓa shi, ruwa da kansa zai ba ka hanya."

Nan take na goya masa baya. Na ce ai abu in za a saya, a sayi babba. Har na ƙara da wani bayani na kimiyya da ni kaina ban gane ba. Kawu yana ta gyaɗa kai, yana shafa murfin injin kamar goshin saniya.

Inna ta jira muka gama. Sannan ta gyara mayafi.

"Malam, a bakin ruwa zai riƙa kwana?"

"Wane bakin ruwa? Gida zan riƙa kai shi."

"To ɗaga mu gani. Gaɓar nan tamu dai ka san tsayinta."

Kawu ya naɗe hannun riga, ya rungumi arba'in. Injin ko motsi bai yi ba, hularsa ce ta faɗi. Ya koma kan sha biyar, ya ɗaga da nishi, ya yi taku uku ya mayar. Takwas kuwa ya saɓa shi a kafaɗa kamar buhun gari.

"Ga naka nan," in ji Inna.

Amma Kawu ya ƙi. Ya ce maƙwabcinsa sha biyar gare shi, ba zai koma ƙauye da abin da ke kuka kamar injin markaɗe ba. Ni ma, don kada a ce shawarata ta faɗi gaba ɗaya, na ce sha biyar ɗin shi ne tsaka-tsaki. Shi aka ɗaure a bayan motar haya.

Ranar Asabar na bi su ganin gwaji. Kwalekwalen siriri ne, mutum uku sun cika shi. Da aka ɗaura injin, sai bayansa ya nutse, goshin ya ɗaga sama kamar yana sansanar iska. Kawu ya dube ni sama da ƙasa.

"Ɗana, kai ne mai jiki. Je ka zauna can gaba ka danne mana."

Na ce ban iya iyo ba. Ya ce ba iyo aka ce in yi ba, zama.

Ya ja igiya, ya murɗa hannun injin kaɗan. Sai na ga gaɓa tana gudu da baya. Ruwa yana fallatso mini a fuska, na riƙe gefen jirgi da hannu biyu, ina karanto duk addu'ar da na iya. Da ya zo juyawa, kwalekwalen ya karkata har ruwa ya cika mini takalmi. Kawu dariya yake yi. Mata masu wanki a gaɓa suka miƙe suna kallo, Inna a cikinsu, hannu a ƙugu.

Wata biyu ya yi yana fama. Ya cika buhu biyu da yashi ya ajiye a goshi a madadina. Sai dai wurin da buhunan suka cinye, nan ne mazaunin raga da kifi. Kuma ko rabin maƙogwaron injin bai taɓa buɗewa ba, don tsoron gudunsa.

Daga baya wani mai fito da 'yan kasuwa, wanda jirginsa ya yi wa injinsa mai takwas girma, ya zo suka yi musaya. Inna ce ta kawo mini labarin, ranar da ta zo kasuwar Lafiya da banda. Ta ce yanzu Kawu yana fita da hantsi, ya dawo kafin la'asar, ya hau gaɓa da injinsa a kafaɗa yana gaisawa da mutane.

Na tambaye ta ko ya yarda ita ce ta yi gaskiya.

"Wa? Cewa yake yi tun a shago shi takwas ɗin ya so, kai ne ka ruɗe shi da turanci."